Kwana Biyun da Na Yi Shiru

A tsakiyar watan Maris na 2020 ina tsaye a bakin Matan Fada, riƙe da hannun ƙaramin ɗana, muna kallon masunta sun auka ruwa da homa da gora. Kusan shekara 10 ba a yi bikin kamun kifi na Argungu ba, don haka duk wanda aka binne cibiyarsa a garin ya dawo gida, har Shugaba Buhari ya zo. Jama'a ba masaka tsinke. Mun ji a rediyo an samu wani ɗan Italiya da cutar korona a Legas tun ranar 27 ga Fabrairu, amma ina Legas ina Kabi? Muka ci kifi, muka gaisa da dangi, muka koma Birnin Kebbi.

Ba a rufa mako biyu ba aka rufe makarantu. Ni malamar firamare ce a wata makarantar kuɗi, albashina a lokacin naira 18,000. Mai makarantar ya tara mu ya ce iyaye ba za su biya kuɗin zangon da ba a yi ba, shi kuma ba shi da inda zai samo, mu yi haƙuri. Maigidana direba ne, yana ɗaukar fasinja tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, motar kuma ba tasa ba ce. Da jihohi suka fara rufe iyakokinsu, sai mai mota ya ce a ajiye ta. Cikin wata ɗaya hannuwa biyun da ke ciyar da gidanmu suka tsaya cak, ga yara uku, ga azumi ya ƙarato.

Wanda bai ga wancan lokacin da hankalinsa ba, da wuya ya gane irin zaman da muka yi. Ka buɗe waya ka ga hoton Ka'aba fayau, ba mai ɗawafi. Ranar 17 ga Afrilu Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu, aka ce korona ce. Sai ga labarin mace-macen Kano, manyan mutane da dattawa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. A unguwarmu an rabu biyu: wasu na cewa ciwon masu hawa jirgi ne, zafin Kabi kaɗai ya isa ya ƙona shi, wasu kuma ko musabaha sun daina. Ni ina cikin waɗanda suka yarda, kuma dalilina shi ne yayar maigidana, wadda duk muke kira Yaya. Ma'aikaciyar lafiya ce. Kullum dare sai ta sa mana alƙaluman NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a zauren WhatsApp na danginmu, ta yi mana bayanin wanke hannu da sabulu, ta ƙaryata masu cewa a sha wannan a shafa wancan. In Yaya ta ce abu ƙarya ne, an gama magana. In ta ce gaskiya ne, ba mai sake tambaya. Ita ce ta karɓi haihuwar 'ya'yana biyu.

Akwai kuma abu ɗaya da ya kamata a sani game da ni. A unguwa an fi sanina da riƙon adashi a kan riƙon alli. Shekara shida ina uwar adashin mata 20, kuma bayan zubin mako akwai abin da muke kira ajiyar sallah: kowace mace ta kawo abin da ya sawwaƙa tun bayan babbar sallah, in rubuta a littafi, in kai asusuna na banki, sai azumi ya raba tsakiya in ciro in ba kowa nata ta yi wa yara ɗinki. Masu ƙosai ne, da masu kitso, da masu sayar da ƙuli da man gyaɗa. Yawancinsu ba su yi boko ba. Sun ba ni ne saboda ni ce Malama. A ranar da zan ba da labarinta akwai naira 212,400 a asusun: 185,000 nasu, sauran nawa.

An ɗauki azumi ranar Juma'a, 24 ga Afrilu. Ranar Laraba, shida ga azumi, bayan an sha ruwa, saƙo ya shigo zauren dangi daga lambar Yaya, da hotonta da komai. An ce gwamnatin tarayya ta buɗe shafin tallafin korona, kowane magidanci ko mace mai sana'a zai samu naira 30,000, ga shuɗin rubutun da za a latsa a cike fom. Na bi ta gefe na rubuta mata: "Yaya, wannan gaskiya ne?" Ba a yi minti biyu ba amsa ta zo: "Gaskiya ne, mu ma'aikatan lafiya har an biya mu. Yi sauri, jibi za a rufe."

Masu cewa kwaɗayi ne ke kai mutane hannun 'yan damfara, ina so su tsaya a nan su duba da kyau. A kwanakin nan da gaske gwamnati ta ba da sanarwar raba naira 20,000 ga gidajen da ke cikin rajistar marasa galihu, mun ga hotunan mata a layi suna karɓa. Da gaske Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 don rancen korona ga magidanta da masu ƙananan sana'o'i. Kowa ya ji ana rabo, ba wanda ya san ta wace ƙofa ake shiga. Ofisoshi a rufe, ba inda za ka je ka tambaya, waya ce kaɗai tagar da ta rage. To mutumin da shinkafarsa ta rage mudu biyu, ya ji ƙasa tana raba tallafi, wadda ya fi yarda da ita a duniya ta ce masa ga hanya, in ya bi, kwaɗayi ya yi?

Shafin ya sha kore da fari, ga tambarin Najeriya a sama. A ƙasa an jera sunayen mutane, sunaye irin namu, kowa yana godiya wai kuɗinsa sun shigo. Aka nemi cikakken suna, ranar haihuwa, lambar waya, sunan banki, lambar asusu da BVN. Na cike. Sai na tuna da matana. Tara daga cikinsu suna da asusu amma ƙaramar waya gare su, ba za su iya shiga intanet ba. Washegari da hantsi, da azumi a bakina, cikin ranar nan ta ƙarshen Afrilu da ke narka kwalta, na bi su gida gida ina karɓar lambobinsu ina rubutawa a littafin adashi. Na ƙarar da datar da nake tattali na cike wa kowace. Wallahi a raina lada nake nema. Gwaggo mai ƙosai, wadda ta girmi mahaifiyata, ta riƙe hannuna tana sa mini albarka har sai da na ji kunya.

Juma'a, 1 ga Mayu, hutun ranar ma'aikata ne, bankuna a rufe har Litinin. Sai daga baya na gane ba banza aka zaɓi ranar ba. Bayan la'asar ina gaban murhu ina dama kunu, waya ta yi ƙara. Muryar namiji ce, a natse, Hausa tsantsa ba gargada. Ya yi sallama cikakkiya, ya ce, "Hajiya, ya ibada? Allah ya karɓa mana." Ya kira sunana uku, ya faɗi ranar haihuwata, ya faɗi bankina, ya karanto BVN ɗina lamba 11 bai yi tuntuɓe ba. Na ce a raina lallai wannan daga ofis yake, in ba haka ba ina ya samo? Ko kaɗan bai zo mini ba cewa ni da hannuna na rubuta masa su shekaranjiya.

Ya ce sunana ya fito, amma kuɗin sun maƙale saboda ba a haɗa katina da tsarin tallafin ba. In ɗauko katin ATM in karanto lambobin gaba. Na karanto. Wata da shekarar da zai daina aiki. Na faɗa. Lambobi uku na baya. Na faɗa. Da ya zo kan lambar sirri na ɗan yi turus, sai ya yi dariya mai sanyi ya ce, "Kin yi daidai, Hajiya, haka muke son mutane su riƙa kula. Ba ni za ki faɗa wa ba, na'ura ce ke saurare." Wannan yabon shi ya ƙarasa ni. Ya ce saƙo zai shigo da lambobi shida, in karanto da sauri don minti ɗaya suke yi su mutu, kuma kada in kashe wayar. Na karanto. Ya ce sabis ya katse, wani zai shigo. Na karanto. Sau uku. A jikin kowane saƙo an rubuta da Turanci cewa kada a faɗa wa kowa wannan lamba, Turancin da nake koya wa 'yan aji huɗu, amma idona lambobin kawai yake nema, saboda yana ta cewa sauri, sauri, saura daƙiƙa 20. Ga kunu na neman ƙonewa, ga yaro na kuka a zane. Ya rufe da addu'a, ya ce in sa shi a cikin tawa lokacin buɗa baki.

Ana kiran magariba alat ya fara shigowa. An cire 100,000. An cire 100,000. An cire 12,000. Ina riƙe da kofin ruwa, na kasa kai shi baki.

Na shige ɗaki na kira lambar, ina jiran in ji ta a kashe. Sai ya ɗauka. Ya ce in kwantar da hankalina, haka tsarin yake, ana kwashe abin da ke ciki ne a tantance asusun, ranar Litinin da ƙarfe 10 za su dawo tare da 30,000. Sannan ya ce, "Amma kada ki yi ta yaɗawa, Hajiya. In aka samu ƙorafi a kan asusu, na'ura rufe shi take, kuɗin su tafi Abuja, sai an yi wata shida ana bi."

Wannan shi ne wurin da ya sa na zauna rubuta labarin nan. Zuciyata ta san an cuce ni. Tun alat na farko ta sani. Amma ya miƙo mini igiyar da zan rataya a kai har Litinin, na kama ta da hannu biyu, domin ɗaya hanyar ita ce in fita tsakar gida in ce wa maigidana na ba wani ƙato kuɗin marayu da zawarawa, sannan in bi gida tara in ce Malamar da kuka yarda da ita an yi wasa da hankalinta. Na kasa. Na fito na ce kaina ke ciwo. Daren Juma'a, yinin Asabar, yinin Lahadi, ina sallah ina kuka ina roƙon Allah ya sa maganar mutumin ta zama gaskiya, littafin da ke ɗauke da lambobin mata tara kuma yana ƙarƙashin matashina. Ban aika ko yaro ya ce musu kada su ɗauki baƙuwar lamba ba.

Lahadi bayan tarawihi Gwaggo mai ƙosai ta yi sallama, da 'yar robar ƙosai ta kawo wa yara. Fuskarta a sake. Ta ce, "Ɗiyata, yaron nan naku na tallafi ɗan albarka ne. Ya ce ke kika ba shi lambata." Na ji ƙasa ta juya. Ita ba ta da katin ATM, don haka wata hanyar ya bi da ita: ya ce ta kai 3,500 kuɗin rajista wurin mai POS, ya ba ta lambar asusu. Ta kai. Ya sake kira ya ce sunanta ya faɗa cikin masu 100,000 saboda shekarunta, amma akwai haraji 7,000. Ta ranto ta kai. Ranar Lahadi da safe ya ce saura 15,000 na ƙarshe. Ta sa jikanta ya ja tunkiyarta aka sayar a wulaƙance. Ta ce ta ɗan yi shakka a na biyun, sai ya ce mata, "Inna, kina ganin Malama za ta haɗa ki da macuci?"

Ban san lokacin da na zari hijabi ba. Na bi gidajen nan cikin dare ina buga ƙofa. Huɗu ba su ɗauki wayar ba ko ba su da abin bayarwa, Allah ya tsare su. Uku sun biya 3,500 kowace. Ta ƙarshe wata amarya ce da ba ta cika shekara a ɗaki ba, ita tana da kati, kuma mijinta, mai sayar da albasa da yake sarowa daga Aliero, a asusunta yake ajiye jarinsa. Ranar Asabar da azahar aka kwashe 41,000. Asabar da azahar. Awa 18 bayan na riga na san komai.

Da na dawo na durƙusa gaban maigidana na faɗa masa tun daga farko. Ya daɗe bai ce uffan ba. Da ya buɗe baki bai tambayi kuɗin ba, cewa ya yi, "Tun shekaranjiya kina cikin wanga hali, muna kwana ɗaki guda?" Sai ya ɗauki waya ya kira Yaya, kira na sosai ba na WhatsApp ba, abin da naira 20 za ta yi mini tun ranar Laraba.

Yaya ba ta san an yi ba. Ranar Talata wani ya kira ta ya ce daga kwamitin yaƙi da korona ne, za a yi wa ma'aikatan lafiya taron bita ta intanet, an turo mata lambar shiga, ta karanto a sa sunanta. A lokacin kullum cikin irin waɗannan tarurruka suke. Ta karanto lambobi shida. Ashe lambar da WhatsApp ke turowa ce in za a buɗe layinka a wata wayar. Nan take nata ya rufe, ta ɗauka wayar ce ta samu matsala, ga aiki ya sha mata kai, ta ce sai ta samu sarari ta kai gyara. Ɓarawon kuma ya sa wa layin lambar sirri ta biyu, wadda ita ba ta taɓa sawa ba, don haka sai da ta jira kwana bakwai kafin ta karɓo abinta. A cikin kwanakin nan duk zauren da take ciki, na dangi, na abokan aiki, na makarantar Islamiyya, an shiga da fuskarta. Ta yi kuka a waya kamar ita ta ɗauki kuɗin.

Litinin tun da asuba na tafi banki. An kafa rumfa a waje, an jera kujeru nesa da juna, ga bokitin wanke hannu, ba mai shiga sai da takunkumi, ana raba lamba ana kira kaɗan kaɗan. Sai bayan azahar na samu shiga. Wata yarinya ma'aikaciya ta saurare ni, ta toshe katin, ta ba ni takardar ƙorafi. Ta ce kuɗin tun daren Juma'a aka rarraba su zuwa wasu asusun, daga can aka sake gaba da su, za su rubuta amma kada in sa rai sosai. Ita ce ta warware mini yadda abin yake. BVN kaɗai ba ya fitar da kuɗi. Amfaninsa a wurinsu shi ne su karanto maka shi ka sakankance. Mabuɗin shi ne lambobin kati da lambar sirri da lambobin nan da ake turowa, kuma ba ma'aikacin banki ko na gwamnati da aikinsa ke buƙatar ya ji su daga bakinka. Mai turo maka kuɗi lambar asusu kawai yake bukata. Ta nuna mini 'yar lambar da zan danna ko a wayar maƙwabci in rufe asusuna cikin minti ɗaya, ko da tsakar dare ne. Na rubuta ta a bangon littafin adashi. Ta ce ni ce ta biyar da ta zo mata da irin wannan labari a ranar, kuma ta san waɗanda ba su zo ba sun fi yawa.

Ko kwabo bai dawo ba.

Na tafi Argungu wurin Baba. Manomin shinkafa ne a fadama, amma ya yi karatun zaure, shi ake kawo wa rabon gado a unguwarsu. Na tambaye shi hukunci, ina fatan ya sauƙaƙa mini. Ya ce ajiya amana ce, in ta salwanta ba da sakacin mai riƙo ba, kamar gobara ko ɓarawo ya fasa ɗaki, babu ramuwa a kansa. "Amma ke da bakinki kika miƙa mabuɗi. Wannan ɗaya. Na biyun ya fi nauyi: kin ga rami, kin san makafi na biye da ke, kika yi shiru." Ya ce in biya duka, har da abin da aka karɓa a hannunsu kai tsaye. Na lissafa ya kama naira 262,000. Albashin wata 14 da ɗoriya, a lokacin da babu albashin. Ya ce in Allah ya kai mu kaka zai ba ni buhu 10 na shanshera in rage.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tara matan a tsakar gidana na faɗa musu komai, har da kwana biyun. Da na so in ɓoye wannan, ba wanda zai sani, amma Baba ya ce in na rage shi ban faɗi komai ba. Wasu suka yi salati suka yi shiru. Wata ta ce sallar 'ya'yanta fa? Wata kuma, wadda muka yi shekara 10 muna cin abinci kwano ɗaya, ta kalle ni ta ce, "Da ɗan gari akan ci gari." Maganar ta zaga unguwa kafin magariba: wai da ni aka haɗa baki, wai Yaya ce ta kawo su. Ban ga laifinta sosai ba, don in ka bi sawun abin, a ƙofata ya tsaya. Amma har yau in na tuna sai na ji kamar an zuba mini garwashi a ƙirji. Ita kuwa amarya, mijinta ya tura ta gidansu, sai da maigidana da limamin unguwa suka yi sawu uku kafin ta koma.

Har yanzu ina tunanin mutumin nan. Ba daga wata ƙasa ya faɗo ba. Ya san yadda ake gaida mai azumi, ya san tsohuwa ana ce mata Inna, ya san in ya ambaci Malama an gama. Wata uwa ce ta goya shi ta koya masa wannan ladabin, shi kuma ya mai da shi ƙugiya. A watan Ramadan, cikin annoba, ya saurari muryar tsohuwa mai tuyar ƙosai ya sa ta sayar da tunkiyarta. Na yi ƙoƙarin in yafe masa don Allah, ban kai ba tukuna.

Aka yi sallah ranar 24 ga Mayu. Na sayar da 'yan kunnena na zinari na aure da keken ɗinkina, na samu 95,000, na raba wa waɗanda suka fi matsuwa. 'Ya'yana da tsofaffin kaya suka yi idi, haka 'ya'yan mata da yawa a layinmu, kuma kowa ya san dalili. A watan Yuli aka buɗe hanyoyi, maigida ya koma tasha, duk abin da ya samo sai ya ware wani abu ya ajiye mini a kan littafin ba tare da ya ce komai ba. Muna jiran kaka, sai ruwa ya zo. Ƙarshen Agusta zuwa Satumba gulbi ya cika ya batse, ambaliyar da ta shanye fadamun Argungu da Augie da Birnin Kebbi har zuwa su Bagudo, ta karya gadoji, ta kwanta a kan shinkafar da ta kusa nuna. Baba ya shiga kwalekwale ya je inda gonarsa take, bai ga ko kan zangarniya ba. Ya kira ni yana ba ni haƙuri a kan buhu 10, shi da ya rasa abincin shekara.

Akwai wata asarar da ban sa a lissafi ba. A watan Satumba gwamnati ta buɗe shirin Survival Fund, wanda a cikinsa ake biya wa ƙananan ma'aikatu albashin ma'aikatansu na wata uku, har da makarantun kuɗi. Mai makarantarmu ya kira ya ce kowa ya kawo lambar asusu da BVN. Ina jin kalmar jikina ya ɗauki rawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Na ce a cire sunana. Ya yi ta lallashi, na ƙi. Abokan aikina da suka bayar, wasunsu sun samu 30,000 sau uku. Wannan na gaskiya ne, kuma da ya rage mini fiye da rabin abin da ya saura a kaina. Matan layinmu ma haka: da aka zo rigakafin korona a 2021 ana rubuta suna da lambar waya, da yawa suka ce ba su sake ba wani lambarsu.

Da aka koma makaranta na riƙa cire 10,000 duk wata. Adashin ya watse, mata bakwai kawai suka dawo daga baya, su ma da sharaɗin kowace ta ga kuɗin da idonta ranar kwasa. Na yarda da sharaɗin. Abin da na ƙara shi ne, duk wadda baƙuwar lamba ta kira a kan kuɗi, ta kashe ta zo ta same ni ko da ina aji, kuma duk saƙon da ya zo da sunan wani namu, sai an ji muryarsa. Sau biyu ana sake gwada mu, sau ɗaya da sunan rancen manoma, sau ɗaya da sunan tallafin cire tallafin mai a 2023. Duka biyun kafin awa ɗaya na gama zaga layin da ƙafata.

Gwaggo ce ta ce in bar nata ya zama na ƙarshe. Tana bina 55,500, ajiyarta 30,000 da abin da aka karɓe mata. Duk wata in na kai mata wani abu sai ta yi faɗa, ta ce in fara sallamar masu ƙananan yara. Ba ta taɓa tayar mini da maganar kwana biyun ba, ko sau ɗaya, kuma ba ta fasa aiko wa yarana ƙosai ba. Da damina ta 2021 ta kwanta ciwo, kwana tara ta rasu. Saura 8,000.

Bayan addu'ar bakwai na ƙulle kuɗin a leda na kai wa babbar ɗiyarta, na ce a sa cikin gado. Ta ce Inna ta yi wasiyya tun tana asibiti cewa ta yafe wa Malama abin da ya rage, a gaban mutum biyu ta faɗa. Na ce na ji, na gode, amma ta karɓa. Muka yi ta turawa tsakaninmu a kan tabarma har ta gaji. Daga ƙarshe ta kira ƙanenta ta ba shi, ta ce gobe Juma'a ya sayo wake da mai. Da asuba ta hura wuta a murhun Gwaggo na ƙofar gida, wanda ba a taɓa ba tun da ta kwanta, ta soya ƙosai a kaskonta, ni ina zuba wa almajirai a robobinsu har ya ƙare.